Dan Allah ku daina yarda da duk abin da aka rubuta muku a fom

'Yan uwa masu koyon haɗa shafukan intanet, dan Allah mu tsaya mu yi maganar XSS, wato harin da mugu ke cusa kod ɗinsa a shafinka ya yi aiki a burauzar masu shigowa, don wallahi abin na ci min tuwo a ƙwarya. Sai ka ga mutum ya kwana uku yana gyara kalar shafi, amma akwatin da mutane ke rubuta sunansu ya bar shi sakaka, duk abin da aka rubuta haka zai kwaso shi ya liƙa cikin HTML ba tacewa ba komai. To ita fa burauza ba ta san wa ya rubuta me ba, in ta ga script aiki za ta yi da shi kamar kai mai shafin ne ka ba ta umarni. Shike nan mugu ya kwashe cookie ɗin bawan Allah da ya shigo, wato ɗan bayanin da burauza ke ajiyewa don shafi ya gane shi, ya shige masa akawun ko fasuwod bai nema ba.

Kar ka ce ai shafina ƙarami ne wa zai kula. A 2005 wani matashi Samy Kamkar ya dasa irin wannan kod a shafinsa na dandalin sada zumunta na MySpace, cikin kusan awa 20 ya kama mutum sama da miliyan ɗaya, sai da aka rufe MySpace ɗin aka gyara. Abin da nake so ku lura da shi, MySpace fa sun toshe kalmar javascript, shi kuma ya raba ta gida biyu a layi biyu, burauza ta haɗa abinta. Shi ya sa in na ji wani ya ce "ai na goge kalmar script" sai gabana ya faɗi, hoto ɗaya mai onerror, wato kod ɗin da ke aiki in hoto ya ƙi buɗewa, ya isa ya wuce ka.

Gyaran yana wurin fitar da rubutu ne, lokacin da za ka nuna shi a shafi. In PHP kake yi ka sa htmlspecialchars, in JavaScript ne ka bar innerHTML ka koma textContent. React da Django suna tace maka da kansu, mu ne ke cire kariyar da hannunmu da dangerouslySetInnerHTML a React ko safe a Django saboda gaggawa. In dole sai mutane sun turo HTML, kar ka ce kai za ka rubuta matacin, DOMPurify na nan. Sannan ka sa HttpOnly a cookie don kar JavaScript ya iya karanta shi, ka ƙara CSP, wato ƙa'idar da ke gaya wa burauza script ɗin da za ta yarda da shi, amma waɗannan ƙari ne, ba sa maye gurbin tacewar.

Yau ɗin nan ka buɗe shafinka, kowane akwati har da na bincike ka rubuta <b>gwaji</b> ka tura. In kalmar ta fito da kauri to akwai ƙofa a buɗe. Kuma a naka za ka gwada dan Allah ba na mutane ba, shi kansa Samy sai da maganar ta kai shi kotu.