An rushe tsohuwar majami'armu, ni dai ban yi murna ba

Jama'a ku yi mini haƙuri, yau zan taɓa inda yake wa wasu ƙaiƙayi. Na je gida hutun Kirsimeti na tarar an baje tsohuwar majami'ar ƙasa ta ƙauyenmu, an kafa ginin bulo da kwano shuɗi a gurbinta. Gini ya yi kyau, ba ƙarya. Sai na ce wa wani dattijon ikilisiya, "Baba, ina littafin baftisma na da?" Bai ce uffan ba, ya ja ni ɗakin ajiya ya buɗe wani akwatin ƙarfe. Gara ta cinye rabi, ruwan damina ya dunƙule sauran kamar curin fura. Sunan kakana yana cikin wannan curin. Tsohon wilin motar da ake bugawa a kira sujada kuwa, tuni 'yan gwangwan suka auna shi a sikeli.

Mu 'yan UMCN, wato cocin United Methodist a Najeriya, a Taraba muna son ambaton Bambur, inda aikin cocinmu ya samo tushe, amma mutum nawa ne cikin matasanmu suka san yadda aka faro? Wani ɗan mishan daga Amurka mai suna Guinter ya iso ƙasar nan a 1906 tare da mishan ɗin SUM (Sudan United Mission), ya yi aiki a Wukari, a 1923 ya buɗe tashar Bambur a ƙasar Wurkum. Shi ba ma da sunan Methodist ya zo ba. Sai a 1968 cocin da ya gaji aikinsa ya haɗe da na Methodist a can Amurka. Bishop ɗinmu na farko ɗan ƙasa, Done Peter Dabale, a 1992 aka zaɓe shi. To duk shekarun da ke tsakani, wa ya riƙe ƙauyuka? Masu bishara ne, a ƙafa, mai sa'a a kan keke, albashinsu kwanon dawa da kazar godiya. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, a irin waɗannan ɗakuna na jinka iyayenmu suka koyi haɗa baƙi, a kan bencin ƙasa.

Asalin ɗarikar ma haka yake. John Wesley, wanda ya kafa Methodist, a kan doki ya ƙarar da rayuwarsa yana zagaya garuruwa da ƙauyukan Ingila. A Bristol, a 1742, aka raba mabiya aji-aji, kamar mutum 12 a kowanne, kowa yana ba da kwabo ɗaya a mako don biyan bashin ɗakin taronsu. Daga tara kwabo aka koma duba lafiyar ran juna. Fasto ɗaya, ƙauyuka da yawa, ranar da bai zo ba manomi ya tashi ya yi wa'azi. A Amurka akwai wata ƙaramar majami'ar karkara a jihar Delaware, Barratt's Chapel, da aka gina a 1780. A cikinta Francis Asbury ya haɗu da Thomas Coke a 1784, mutum biyun da suka zama shugabannin Methodist na farko a Amurka, kuma har gobe tana tsaye, da alamar tauraro a daɓe inda suka gaisa. Ba don ba su da kuɗin sabon gini suka bar ta ba.

Na san abin da za a ce: ikilisiya mutane ce, ba bango ba, kuma tsohon ɗakin yana yoyo, ba ya ɗaukar ko zumuntar mata kaɗai. Na yarda. Amma fili ne ya ƙare mana a ƙauye da sai a kan kafaɗar tsohon za a ɗora sabon? Abin da ya fi ci mini rai, tun rabuwar da aka yi a cocinmu a 2024 ana ta ja-in-ja a kan wa ke da gini, wa ke da fili. Ban taɓa jin ɓangaren da ya ce a ba shi akwatin littattafai ba.

Kafin in dawo na zauna da wata tsohuwa da aka yi yaɓen ɗakin a gabanta, na kunna rikoda a waya. Na ce, "Mama, su wa suka ɗauko jinkar farko?" Ta lissafo mutum uku har da sunayen iyayensu, ta rera waƙar da suka yi ranar keɓewa, murya na rawa. Da ta zo kan na huɗu sai ta yi shiru, ta daɗe tana kallon ƙasa, ta ce in je in duba littafin coci, an rubuta shi a ciki.