Na je Cape Coast ni kaɗai, kuma da gangan na yi

Tun da na sa hoton teku a shafin nan ake ta bi na da tambaya ta akwatin saƙo: wa ka je gani a Gana? Kaya ka je sarowa? Wani abokina ma cewa ya yi in faɗa masa tsakani da Allah, ko ƙarin aure nake ƙullawa a ɓoye. To ga amsa guda ga kowa, don in huta. Ba wanda na je gani, ko ƙwayar goro ban saro ba. Hutun kwana biyar na samu a wurin aiki, na rataya jaka ɗaya na tafi Cape Coast, na kwana uku na dawo.

Da na je yi wa Hajiyarmu sallama, kallona ta yi ta ce, "Kai kaɗai? Ba biki, ba rasuwa?" Na ce e, Hajiya. Ta ce, "To Allah ya tsare. Amma wannan ai gantali ne da kuɗin jirgi."

Ban ga laifinta ba, don haka muka taso. Ba wanda ya kai Bahaushe tafiya, amma sai da dalilin da zai iya faɗa a gaban mutane: fatauci, neman ilimi, aikin Hajji, asibiti, zumunci, ci-rani. Ka ce za ka je wuri don kawai ka gan shi da idonka, sai a fara tunanin ko kuɗi ne suka yi maka yawa ko hankali ya yi kaɗan. Alhali kullum malamai suna ja mana ayar da ta ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da ya kasance. Muna gyaɗa kai a masallaci, mu fito mu bar wa Turawa masu gajeren wando aikin dubawar.

Hanyar ba ta da wani wuya. Mai fasfon ECOWAS ba ya buƙatar biza, sai dai kada ka manta katin rigakafin shawara. Daga Legas zuwa Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, kusan awa ɗaya ce a jirgi, kuma ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya. Na shiga mota a tashar Kaneshie, tafiyar wajen kilomita 150 ce yamma, a gefen teku. Mun daɗe a cunkoso a wani gari da ake kira Kasoa, ina ta gumi irin wanda zafin Kano bai taɓa sa ni ba, sai na kusa da ni ya ji na yi tsaki na ce "wannan wace irin masifa ce", ya juyo ya ce, "Malam, ai kasuwa ce, sunan garin ke nan." Ashe kalmarmu ce bakin mutanen wurin ya lanƙwasa. Daga nan na san na yi nisa da gida amma ban fita daga sawun kakanni ba.

Abin da ya kai ni shi ne ganuwar nan fara da ke bakin ruwa, wato tsohon ginin da Turawa ke tsare bayi a ciki kafin a tafi da su ƙetare. Turawan Suwidin ne suka fara gina ta a 1653, ta yi ta canza hannu har ta faɗa wa Ingila a 1664, kuma daga garin nan Ingilishi suka riƙa mulkin yankin har 1877 da suka mayar da hedikwata Akra. Daga waje kyakkyawan gini ne, farin fenti, manyan bindigogi jere suna kallon teku, iska na kaɗawa. In ba a gaya maka ba sai ka ce gidan hutun wani attajiri ne.

Sai mai rakiya ya gangara da mu ƙasa, kurkukun maza. Ya ce mu tsaya, ya kashe fitila. Hasken da ya rage shi ne wanda ke shigowa ta 'yan ƙananan kafofi can sama kusa da rufi, wanda ko tafin hannunka da ƙyar kake gani. Ya ce a ɗakunan nan akan tara mutum wajen dubu, su yi makonni, wasu watanni, suna jiran jirgi. Ƙasan da muke takawa ba daɓe ba ne, bulo ne a ƙasa, amma abin da ya fita daga jikin mutane shekara da shekaru ya taru ya daskare a kai har ya zama kamar siminti. Na ɗaga ƙafata ɗaya ba tare da na sani ba, sai na ga ba inda zan ajiye ta sai dai wurin. Kuma daidai saman kanmu coci ne, inda Turawan ganuwar ke ibadarsu ranar Lahadi. Can sama kuma ɗakin gwamna, tagogi manya-manya, iskar teku na shiga ta ko'ina.

A nan ne na gode wa Allah da na zo ni kaɗai. Na san mu. Da mu huɗu ne daga majalisarmu, wallahi kafin a kunna fitilar nan wani ya saki barkwanci don ya kore nauyin da ya ji a ƙirji, mu yi dariya, mu fito mu jeru a ɗauki hoto, a koma gardamar inda za a ci abinci. Ba don mugunta ba, haka taro yake, kowa na kare ɗan'uwansa daga shiru. Ni kuwa ba wanda ya kare ni. Da ayarin ya wuce na koma na zauna a kan matakala kusa da ƙofar da ake kira ƙofar da ba a dawowa, wadda ta nan ake fitar da su zuwa kwalekwale. Na fi rabin awa. A bayan ƙofar yanzu masunta ne ke ɗinkin koma, yara na buga ƙwallo a yashi, wata mata na soya kifi. Wata baƙar fata daga Amurka, dattijuwa, ta dafa bango tana kuka, ba ta ko share hawayen. Obama ma ya zo nan da iyalinsa a 2009, kuma tun 2019 da Gana ta yi shekarar kiran jikokin bayi su dawo gida, irin waɗannan baƙi suka ƙaru.

Ni abin da ya tsaya mini a wuya daban ne da nata, kuma shi ne wanda na san wasu ba za su so ji ba. Da sauƙi mutum ya tsaya a wurin ya tsine wa Bature, kuma ya cancanci tsinuwar. Amma Bature bai shiga daji ya kamo mutanen nan da hannunsa ba, kawo masa aka yi. Muna alfahari da fataken Gwanja, ayarin jakuna da ke tashi daga Kano su yi wata da watanni su kai Salaga, a arewacin Gana ta yau, da kanwa da tufafin rini da fatu, su dawo da goro. Gaskiya ne, abin alfahari ne. Sai dai Salagar nan babbar kasuwar bayi ce, kuma ba goro kaɗai ke bin hanyar ba. A Kasuwar Kurmi ma an sayar da mutane. Doka ba ta rufe babin bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936, wato zamanin kakannin da muka taras da rai. Mu kanmu an sayar da mu: Hausawan da aka kwasa ta Legas da Wida sun yi wa iyayen gijinsu bore a Bahiya ta ƙasar Barazil tun 1807. Mun sayar, an sayar da mu, kuma duka biyun ba ma zancensu. A makaranta an koya mini sunayen sarakunan Haɓe da na Fulani a jere, ba wanda ya taɓa cewa ga abin da ke cikin ayari.

Washegari na yi wauta. Na tashi da asuba na tafi Elmina, tafiyar 'yan mintoci, don in ga fitar jiragen masunta da ake ta ba ni labari. Na tarar da su ɗaruruwa a ɗaure a bakin kogin Benya, da fenti kala-kala da tutoci, ba wanda ya motsa. Ashe Talata ce, kuma masuntan gaɓar nan ba sa shiga teku ranar Talata, al'ada ce tun kaka da kakanni. Wani da ke gyaran raga ya yi mini dariya har da buga cinya. Sai na shiga tasu ganuwar, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, ta girmi ta Cape Coast da shekaru masu yawa. A nan Ingilishi suka tsare Sarkin Ashanti Prempeh na ɗaya bayan sun kama shi a 1896, kafin su kai shi can tsibirin Seshels. Gadar igiyar dajin Kakum kuwa, wadda ke rataye a saman bishiyoyi, na je na leƙa, na taka 'yan taku, na tuna ina da 'ya'ya ƙanana. Gadoji ne a jere, ta farko kawai na ƙetare na nemi hanyar sauka.

Kada in yi muku ƙarya, kaɗaici na da nasa haraji. Daren farko na ci tuwo ni ɗaya ina kallon bango, na kira uwargida har sau biyu ba tare da wata magana ba. Ba mai riƙe maka jaka in za ka yi alwala, ba wanda za ka raba kuɗin ɗaki da shi. Kuma na san wannan sauƙin na namiji ne, 'yar'uwata ba za ta ce ta rataya jaka ta fita haka ba a zuba mata ido. Amma fa wanda ya zo shi kaɗai shi ake yi wa magana. Na bi kiran salla har zango, unguwar Hausawa, kusa da kasuwar Kotokuraba, na yi magariba. Da aka sallame wani dattijo ya dubi hulata ya ce, "Yaro, daga ina?" Na ce Kano, Baba. Sai ya riƙe hannuna bai saki ba. Shi a nan aka haife shi, mahaifinsa ma haka, kakansa ne ya gangaro daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892 da ya watsa fatake. Bai taɓa taka Kano ba, amma ya tambaye ni ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata. Hausarsu ba ruwanta da mace da namiji, "matata ya tafi kasuwa" yake cewa, ni kuma ina danne dariya. Ya sa jikansa ya kawo mini shinkafa da wake, wanda duk Gana ke kira waakye, da safe kuma koko da ƙosai, wanda a can sunansa ma kokon Hausa. Da a ayari na zo, da mun yi sallarmu a masauki mun kwanta.

Da na dawo na kai wa Hajiya tsarabar atamfa da man kaɗanya, na zauna ina nuna mata hotuna a waya. Teku bai dame ta ba. Da muka zo kan hoton kurkukun na yi mata bayani, ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido, ta daɗe. Sannan ta ce lokacin suna yara akwai wata tsohuwa a gidan kakansu, tana da tsage irin wanda ba na mutanenmu ba, ita ke daka, ita ke goyon yaran gidan, kowa Iya yake ce mata. Na ce 'yar ina ce? Ta ce ba ta sani ba, ita ma tsohuwar cewa take ba ta tuna sunan garinsu, sai dai akwai dutse da rafi a bayan gida. Na ce, Hajiya, ba ki taɓa ba mu labarin nan ba. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Wa ya taɓa tambaya?"