A Sa Ta Dukanta: Magana Kan Waƙar Mdou Moctar da Rediyonmu

Makon jiya na kai wa wani abokina da ke gabatar da shirin kiɗa a wani gidan rediyon FM wata waƙa a waya. Na ce ya saurara, in ta yi masa ya sa ta a shirinsa na dare. Ya maƙala abin ji a kunne, ya yi kamar minti biyu yana gyaɗa kai, sai idonsa ya kai kan tsawonta. Ya ce, "Haba malam, minti bakwai da ɗoriya? To ina zan sa talla?" Ya ja ta gaba zuwa wajen ƙarshe, ƙarar jita ta doke shi, ya zare abin daga kunne ya ce wannan ai hayaniyar Turawa ce, masu saurare za su murɗa tasha.

Ban ga laifinsa kan batun talla ba, da ita ake sayen man janareta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar nan, hayaniyar Turawa. Tun ranar take cina, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Waƙar ita ce "Afrique Victime" ta Mdou Moctar da ƙungiyarsa. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne ɗan jihar Tawa a Nijar, mazaunin Agadas. Su huɗu ne a ƙungiyar: shi da jitar gaba da waƙa, Ahmoudou Madassane da jitar da ke riƙe kiɗa, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Ba'amurke guda, Mikey Coltun, mai jitar bas. Kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar da kundin a watan Mayun 2021. Kafin fitowarsa, kamar yadda kamfanonin waƙa suka saba, sun riƙa sakin waƙoƙi ɗai-ɗai don share fage, gidajen rediyo su sa, mutane su ji su yi marmarin sauran. Sun fara da "Chismiten" tun a 2020, daga baya ita wannan mai ɗauke da sunan kundin ta biyo.

To mutumin da ake cewa yana hayaniyar Turawa, a ina ya naɗi kundinsa na farko? A Sakkwato, cikin 2008. Sunan kundin "Anar", kuma duk wanda ya saurare shi zai ji ƙamshin waƙoƙin finafinan Hausa na wancan zamani: gangar na'ura, da muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa tana rawa. Ba kamfanin da ya sayar masa da shi. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya ta bulutut da memori, ya tsallaka har Mali, irin yadda mu ma muke zuwa wurin masu tura waƙa a bakin kasuwa a cika mana kati. A cikin irin waɗannan wayoyi ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci waƙarsa, ya sa ta a wani kundi na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara, sannan ya shiga neman mai ita har ya same shi. Haka duniya ta san Mdou. Hanyar da ta kai shi Turai da Amurka ta Sakkwato ta bi.

Bari in tsaya kan kiɗan kansa, domin nan ne maganar take.

Waƙar tana farawa a natse. Jita na yin wani ɗan zagaye gajere, ta je ta dawo, ta je ta dawo, Mdou ya ɗora murya, sauran su amsa. Duk Bahaushe ya san wannan tsari, mai waƙa da 'yan amshi. Ba a yawan sauya gida kamar yadda waƙoƙin rok na Turawa ke yi, inda za a yi baiti, a koma amshi a wani sauti daban, a yi wata gada a tsakiya. Nan an kafa turke guda ne ana kewaya shi. Abin da ke sauyawa shi ne sauri. A hankali mai ganga ke ƙara wuta, kaɗan-kaɗan, ta yadda ba za ka iya nuna daƙiƙar da abin ya canza ba. Sai dai kawai ka farga ƙafarka na bugun ƙasa fiye da ɗazu. Bas ta shiga sukuwa. Kafin ka ankara an bar maganar baki, jita ta karɓi zancen, muryarta ta dishe ta yi kaushi, tana kuka tana ƙara kamar ana yaga ƙarfe, ganguna na zuba kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano.

Wannan wurin ne abokina ya faɗa cikinsa kai tsaye da ya ja waƙar gaba. Dole ya ji hayaniya. Wanda ya shigo filin rawa a daidai lokacin da kiɗa ya kai ƙololuwa, bai ga farko ba, zai ɗauka mutanen sun zautu. Wanda kuwa aka fara da shi, shi ya san ta inda aka biyo.

Kuma wannan hawan saurin, a gida aka koye shi. Duk wanda ya taɓa zama wurin kiɗan garaya ya san yadda ake farawa sannu ana matsawa har jiki ya ɗauka. Haka kiɗan ƙwarya na mata a gidan biki, haka kukuma idan ta yi zafi. Su Abzinawa suna da tende, turmi ne ake rufe wa baki da fata mata na bugawa ana tafi ana waƙa, suna da takamba da ake yi da molonsu mai tsirkiya uku da ƙwarya. Daga nan makaɗan jita na Sahara suka kwaso bugunsu, wanda ke rangaji kamar tafiyar raƙumi. Su Mdou kuma makaɗan biki ne kafin komai. A Agadas a fili ake kafa lasifika, a shimfiɗa tabarmi, a tayar da janareta, matasa su yi da'ira, makaɗi ya yi ta ƙara sauri har ƙura ta tashi. Wanda ya saba da irin wannan fili ba ya auna waƙa da agogo, da jikin masu rawa yake aunawa.

Hatta yadda yake riƙe jitar. Bahago ne, kuma ba ya amfani da ɗan robar nan da makaɗan Turawa ke kaɗa tsirkiya da shi. Da yatsa yake sharar ta, yadda mai molo ko gurmi ke yi, ɗaya hannun kuma na ta dannawa yana saki da sauri, sautin na fita a murɗe, da ado kamar na goge. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, bayan ya ga Abdallah Oumbadougou na wasa. Gidansu gidan addini ne, ba su so ya yi kiɗa ba. Wannan ma labari ne da kusan kowane makaɗi a ƙasar Hausa zai ce kamar nasa.

Jaridun Turawa sun laƙaba masa Jimi Hendrix na Sahara, wato sunan wani shahararren makaɗin jita na Amurka. Na san yabo suke nufi, amma sunan ba ya yi mini daɗi, domin yana sa a ɗauka kwaikwayo yake yi. Ba na musun cewa ya ɗauki wasu abubuwa daga waje. Shi da kansa ya faɗa cewa ya kalli bidiyon Eddie Van Halen, wani gwanin jitar rok na Amurka, ya ga yadda yake buga wuyan jita da yatsu, ya je ya ƙirƙiro nasa salon. Jitar lantarkin kanta ƙirar Fender ce, daga Amurka ta zo, haka na'urorin da ke dishe mata murya. Amma kayan aiki daban, hannun da ya riƙe su daban. Keken ɗinki ma daga waje ya zo, ba wanda ya ce aikin babbar riga ya zama na Bature. Tun wajen 1979 Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka fara abin da ya zama ƙungiyar kiɗan Abzinawa ta Tinariwen, a zaman gudun hijira a kudancin Aljeriya da Libiya, kasa-kasansu na yawo a ɓoye lokacin tawayen Abzinawa na shekarun 1990. Sun ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 2012. Bombino, shi ma ɗan Agadas, ya biyo baya. Shekara arba'in da wani abu ke nan jita tana hannun Abzinawa. Yaushe za a daina kiranta baƙuwa?

Abin da Mdou ya ƙara a kan na magabatansa shi ne fushi. Kiɗan Tinariwen na kewa ne, suna ce masa asuf, begen gida da kaɗaicin daji. Na Mdou ya ɗauki wannan kewar ya hura mata wuta. Kuma fushin yana da dalili. Waƙar, wadda ya haɗa Faransanci da Tamashek, harshen Abzinawa, a cikinta, cewa take ana ta zaluntar Afirka, in muka yi shiru mun ƙare. Mutumin arewacin Nijar ba ya bukatar a fassara masa wannan. Tun daga 1971 aka yi shekara da shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa Faransa tana kunna fitilunta, alhali ƙauyuka da yawa na ƙasar har yau da tocila suke kwana. A da yawancin wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take sayenta, shi ya sa da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka kakaba takunkumi, Najeriya ta yanke layin, Yamai ta shiga duhu. Wannan juyin mulkin ya riski su Mdou suna yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale can na wani lokaci ba hanyar komawa ga iyalansu. Idan ka san wannan duka, ka sake sauraron minti ukun ƙarshe na waƙar, za ka ji cewa jitar ba wasa take yi ba. Inda baki ya gaza ne ta ci gaba.

Akwai wurin da ban bi shi ba, kuma gara in faɗa. A cikin waƙar ya ambaci Gaddafi da sigar kewa, kamar wanda ya tafi ya bar Afirka marainiya. Na fahimci inda abin ya fito. Abzinawa da yawa sun ci abinci a Libiya, shi kansa Mdou ya je can neman kuɗi yana matashi, kuma ba mai musun cewa tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suka bazu a Sahel, har mu nan muna ɗanɗana kuɗarmu. Amma mutumin da ya yi shekara 42 kan mulki yana ɗaure masu suka ba zai zama uban gayyar 'yanci a wurina ba. Ina sauraron waƙar da wannan saɓanin a raina, kuma bai hana tsigar jikina tashi ba.

Mu koma kan minti bakwai. Wannan doka ta cewa waƙar rediyo minti uku ce ko huɗu, ba daga sama ta faɗo ba. Tsohon faifan garmaho ne ba ya ɗaukar fiye da kamar minti uku a fuska guda, sai masu waƙa suka riƙa ɗinka waƙoƙinsu daidai faifan, rediyo ya saba, masu talla suka gina lissafinsu a kai. Faifan ya mutu, dokar ta zauna. Su kansu Turawan sun sha karya ta. A 1975 ƙungiyar Queen ta Ingila ta kawo "Bohemian Rhapsody" mai kusan minti shida, aka ce ba gidan rediyon da zai sa, wani mai gabatar da shiri a Landan, Kenny Everett, ya yi ta maimaita ta a ƙarshen mako guda, ta yi sati tara tana saman jadawalin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya. Mu kuwa da wane baki za mu ce waƙa ta yi tsawo? Mu da muka tashi ana sa Shata a rediyo, waƙa guda ta cinye rabin shiri, iyayenmu na kishingiɗe ba mai ƙorafi. Kunnen Bahaushe ya saba da doguwar waƙa. Kwanan nan ne aka koya masa gajen haƙuri.

Wani zai ce ai ba ma jin Tamashek. To muna jin Indiyanci ne? Shekara nawa muka yi muna rera waƙoƙin Indiya baiti-baiti ba mu san ko zagi ba ne? Muna jin yaren 'yan amapiano na Afirka ta Kudu da ake kwana ana sa mana? Agadas gari ne da ake ciniki da Hausa a kasuwa. Ayarin Abzinawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna kawo gishirin Bilma zuwa Damagaram da Kano, suna komawa da gero da turkuɗi, shuɗin rawaninsu ma daga marinar ƙasar Kano yake. Maƙwabtanmu ne na jini da tsoka. Abin kunya ne a ce gidan rediyo a Seattle ta Amurka ya gayyace su sun yi wasa kai tsaye, matasan Landan da Barlin na sayen tikiti suna cika zaure, amma yaron Katsina ko Gusau bai taɓa jin sunansu a akwatin gidansu ba.

Kuma ina tunanin yaranmu masu sha'awar kiɗa. Yau kusan duk waƙar da ke fitowa daga situdiyoyinmu a kan kwamfuta ɗaya ake haɗa ta, da ganga iri ɗaya, sauri ɗaya daga farko har ƙarshe, domin na'ura ba ta san ta ga masu rawa sun yi zafi ta ƙara wuta ba. Masu gurmi da kukuma da garaya suna tsufa, ba masu karɓa. Ina so yaro ɗaya ya ji wannan waƙar da daddare, ya ji mutum huɗu suna numfashi tare, mai ganga na tura mai jita, mai jita na jan mai ganga, ya tambayi kansa me zai faru in aka jona kukumar kakansa da lasifika aka bar ta ta yi kuka yadda take so. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ya zaga duniya.

Roƙona ga masu shirye-shiryen kiɗa, daga Kano har Maraɗi, ɗaya ne. In za ku sa ta, ku sa ta dukanta. Kada a yanke ta a minti na huɗu don a shigar da tallar magani, kada mai gabatarwa ya yi ta gaishe-gaishe a kanta. In rana ba ta yiwu, dare na nan, bayan ƙarfe goma talla ta yi sauƙi.

Jiya na sake tura wa abokin nawa ita. Na rubuta masa cewa, don Allah malam, ka fara daga farko, ka ajiye wayar a gefe, kada ka taɓa ta sai ta ƙare. Ya amsa da cewa zai duba. Shirinsa ranar Juma'a ne da dare, kuma zan kunna rediyo in zauna kusa da shi.