Don ta fi ka kaifin ƙwaƙwalwa za ka gudu?

Daren Larabar da ta wuce, bayan sallar isha'i, muna zaune a teburin mai shayi na bakin kwalta, wani ƙanena ɗan maƙwabtanmu ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ni fa na fasa maganar yarinyar nan." Na san yarinyar, na san gidansu. Shekara biyu ke nan yana zarya a kan babur zuwa ƙauyensu, an kai kuɗin gaisuwar iyaye, abin da ya rage a sa rana. Na ce wani mugun hali ka gani? Ya ce a'a. Rashin kunya ta yi maka? A'a. Sai da na matsa masa sannan ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi, ya ce, "Wallahi Yaya ta fi ƙarfina. Duk maganar da na ɗauko, kafin in kai tsakiya ta riga ni isa ƙarshe. In na aure ta 'yan majalisa mijin-ta-ce za su riƙa kira na."

Yarinyar tana shekarar ƙarshe a Kwalejin Ilimi ta Gumel, lissafi take karantawa. Shi daga sakandare ya tsaya, yana da ɗan shagon cajin waya da POS, da damina kuma yana noman gero da riɗi a gonar gado. Yaro ne mai neman na kansa, ba ya shaye-shaye, ba ya zaman kashe wando. Amma ga shi zai saki alherin da ya zo har ƙofar gidansa saboda tsoron bakin mutum biyar da ke zaman benci, waɗanda uku daga cikinsu ko kuɗin zance ba su da shi. Saboda shi nake wannan rubutu, da ire-irensa, don na san suna da yawa a garuruwanmu. Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutse a 2011, ga ta jiha a Kafin Hausa, ga makarantar koyon jinya a Birnin Kudu, ga ta kiwon lafiya a Jahun, 'yan matan ƙauyukanmu sun shiga karatu ba da wasa ba. Samari da yawa kuwa neman kuɗi ya ɗauke su tun da wuri, wasu Legas, wasu Abuja, wasu kan acaɓa. Wannan haɗuwar za ta yi ta faruwa, ko mun so ko mun ƙi.

Bari in fara da tona asirin kaina, don kada a ce ina wa'azi daga kan tudu. Matata ta fi ni ƙwaƙwalwa. Fiye da shekara goma muna tare, kuma na kwashe fiye da rabinsu ina musun wannan magana a zuciyata.

A ƙarshen 2022 na sayar da riɗina buhu goma sha ɗaya a kasuwar Maigatari, wata ranar Alhamis. Na dawo da kuɗin a leda, na cusa ƙarƙashin katifa kamar yadda na saba. A lokacin an riga an sanar cewa za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, an kuma sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi. Da daddare ta kawo mini tuwo, ta zauna a bakin tabarma da ɗan littafinta na 'yan makaranta da take rubuta adashe a ciki. Ta ce, "Malam, da za ka ji tawa, kada kuɗin nan su kai sabuwar shekara a ɗaki. Bankunan da ke kusa da mu ba su taka kara sun karya ba, mutanen ƙauyuka kuwa ba iyaka. In wa'adi ya matso kowa can zai nufa. Ka sayi takinka tun yanzu, ka ƙara gero, sauran ka kama tumaki biyu." Na ce, "Ke da rediyon nan naki. Gwamnati yau ta fara faɗar magana?" Ta ce to, ta ɗauke kwano.

Kun san abin da ya biyo baya, don kowa ya ɗanɗana. Kafin wa'adin ya cika masu shaguna suka fara ƙin tsofaffin kuɗi. Kwana biyu na yi a layin banki, cikin hunturu da ƙura, kafin na samu na zuba nawa. Da na zuba kuma fitar da su ya zama aiki, masu POS suna yankar abin da suka ga dama. Na san wani zai ce ai a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Haka ne, amma kafin nan ni na riga na sha wuyata. Abin da ya riƙe gidana a makonnin nan shi ne gero buhu biyu da ta saya da kuɗin adashenta tun a Disamba, ba tare da ta yi shela ba. Kullum in na ga tuwo a gabana na san daga ina ya fito. Na yi ta jiran ranar da za ta ce "ban gaya maka ba?" Har yau ba ta faɗa ba. Da ta faɗa, da na sami abin yin fushi a kai, da na huta. Shirun nan shi ya hana ni barci, ya sa na zauna na tambayi kaina: da abokina ne ya ba ni wannan shawarar a majalisa, da na ƙi? Wallahi da na karɓa har da godiya. Ashe ba shawarar na ƙi ba, bakin da ta fito na raina. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi da hannuna.

To, ƙannena, akwai wata magana da ake yawo da ita a majalisu, wai "ku shawarci mata, sannan ku saɓa musu," ana jingina ta ga Manzon Allah (SAW). Malaman hadisi sun daɗe da bayyana cewa ba ta da asali daga gare shi. Abin da ya tabbata shi ne akasin haka. A shekara ta 6 bayan hijira, a Hudaibiyya, bayan an rubuta sulhu da Kuraishawa an hana Musulmi shiga Makka a wannan shekarar, Annabi (SAW) ya umarci sahabbai su tashi su yanka hadayarsu su yi aski. Har sau uku ya faɗa, baƙin ciki ya hana kowa motsi. Ya shiga wurin matarsa Ummu Salama ya gaya mata. Ta ce ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya soke raƙuminsa, ya kira wanzaminsa ya yi masa aski. Ya yi yadda ta ce. Da sahabbai suka gani, sai suka tashi suna rige-rige. Wannan fa fiyayyen halitta ke nan, wanda babu mahaluƙin da ya kai shi hankali, ya karɓi shawarar matarsa a gaban mutum kusan 1,400. Kai kuma da shagon cajin wayarka kana jin karɓar shawara zai zubar maka da girma.

Mu dawo gida ma. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru inda malamai mata da ake kira jaji ke shiga ƙauyuka suna karantar da matan aure. Mace ce da malamai maza ke girmama iliminta. Tana da miji, Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Zama da ita bai rage masa komai ba, kuma daga tsatsonsu gidan Wazirin Sakkwato ya fito, har zuwa kan Waziri Junaidu. Wane ne a tarihi ya taɓa kiran Giɗaɗo mijin-ta-ce?

Abin da ke rikita samarinmu shi ne sun haɗa shugabancin gida da fin kowa sani, sun mai da su abu ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Dagacin garinku ya fi limamin garinku karatu? Hakimi ya fi malamin asibiti sanin magani? Shugaba shi ne mai ɗaukar nauyi, mai yanke hukunci bayan ya saurara, wanda in abu ya ɓaci shi za a nema. Allah ya ce a Suratu Yusuf, aya ta 76, a saman kowane mai ilimi akwai wanda ya fi shi sani. Mu kuma muka ce gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Tun da dole akwai wanda ya fi ka, ina laifi in a ɗakinka yake, yana cin tuwo ɗaya da kai, ribarka ribarsa, asararka asararsa? Hatta yaye jariri, a Suratul Baƙara aya ta 233, da yardar juna da shawara tsakanin miji da mata aka ambace shi.

Kuma ƙwaƙwalwar nan ba ƙwarya ɗaya ba ce. Matata in ka ba ta lissafi ko takardar asibiti ko wasiƙar makarantar yara, kafin ka ƙifta ido ta warware. Amma ni in na ɗebi ƙasa a tafin hannu na murza, na san ko gonar za ta yi riɗi ko sai gero. In na buɗe bakin sa a kara na san shekarunsa, in dillali yana yi mini daɗin baki na san inda ya dosa. Rikicin gado da ya kusa raba 'yan uwanta, ni na zauna da kawunnanta dare uku har aka sasanta, ita da kanta ta ce da ita ce da tun daren farko ta ɓata lamarin, don ba ta iya jin ƙarya ta yi shiru. Yaron da na ba ku labarinsa yana riƙe da bashin mutum sama da talatin a kansa ba tare da ya rubuta ba, ya san wanda zai biya da wanda sai an bi shi gida. Shi bai ɗauki wannan a bakin komai ba, saboda ba a ba da takardar shaida a kansa.

Sai dai kada a ji ni a karkace. Akwai basira, akwai mugun wayo, kuma wajibi ne ka iya bambancewa tun a wurin zance. Mai basira in kun yi magana za ka tashi ka ƙaru, ko da ta kayar da kai a musu. Mai mugun wayo za ka tashi kana jin kanka ƙaramin mutum, kai ne da gaskiya amma kai ke ba da haƙuri, ka faɗi magana jiya yau a juya maka ita har ka fara shakkar kunnenka. In irin wannan ce, ko irin wannan ne, gudu ba tsoro ba ne. Na tambayi ƙanen nan nawa wanne yake ji in ya baro wurinta. Ya yi shiru, can ya ce ita ce ma ta nuna masa yadda zai raba kuɗin shago da kuɗin aljihunsa, tun daga lokacin jarinsa bai sake karyewa ba.

Ku kuma ƙannena mata da Allah ya ba kaifin kai, ga taku. Baiwar nan amana ce, kuma harshe ne ke zubar da ita. Namiji zai iya haɗiye gyara a ɗaki, amma gyaran da aka yi masa a gaban ƙannensa ko abokansa ko mahaifiyarsa, zai shekara yana masa ciwo. In ya yi kuskuren Turanci a gaban baƙi, bar shi, ba jarrabawa ake ba. In ya fara ba da labari kin san ƙarshensa, kada ki ƙarasa masa. In shawararki ta yi daidai tasa ta faɗi, ya riga ya sani, ba sai an buga masa ganga ba. Ban ce ki mai da kanki sakarya don ya ji daɗi ba. Na san wata da aka yi wa wannan huɗubar ranar kai ta ɗaki, wai ta ɓoye karatunta kada miji ya tsorata. Tana kallo ya sa hannu a takardar jinginar da gona bai fahimci abin da ke ciki ba, ta yi shiru don biyayya. Gonar tana hannun wani yanzu. Ki faɗi gaskiyarki cikakkiya, ki zaɓi lokaci da wuri kawai.

In kuwa ke ce kike ganin saurayinki ya fi ki karatu, har kina jin nauyin buɗe baki a gabansa, ki riƙa tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Yadda zai amsa miki tambayar da yake ganin ƙarama ce, da haƙuri ko da dariyar raini, shi zai nuna miki irin zaman da za ku yi.

Shi dai ƙanen nawa ban ce masa lallai ya aure ta ba, aure ba a yi wa mutum dole. Na ce ya je ya yi istihara, kuma kafin ya yanke hukunci ya lissafa mini mutanen majalisar nan da za su kawo masa ko mudun gero ɗaya ranar da shagonsa ya ƙone. Ya fara ƙirga da yatsu, ya tsaya a na farko, ya ce shi ma wannan sai dai bashi.

Da na koma gida na ba uwargida labarin. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, kai da ka yi shekara takwas kafin ka gane, shi daga dare ɗaya kake so ya gane?" Na buɗe baki zan yi musu, na ƙirga shekarun a zuci, na tarar takwas ɗin ne cif. Shekaranjiya da la'asar na hango babur ɗin yaron ya ɗauki hanyar ƙauyensu, an wanke shi tas, da leda a rataye a hannun babur.