Detroit ta miƙe, Kakuri tana kwance

A watan Yunin 2024 kamfanin Ford ya sake buɗe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central a nan Detroit. Gini ne mai hawa 18, an buɗe shi a 1913, aka rufe a 1988. Ya shekara talatin a yashe, ruwa ya cika ƙarƙashinsa, ɓarayi suka kwashe duk abin da zai sayu. Ford ya saye shi a 2018, har ya sa aka sake buɗe ramin da aka fasa duwatsun ginin na asali a jihar Indiana, don kada launin sabon dutse ya saɓa da na tsoho. Duk ɗan Kaduna da ya tsaya a wannan zaure, Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, ce za ta faɗo masa a rai.

Mutanenmu kan ce ai gwamnatin Amurka ce ta zuba wa kamfanonin mota kuɗi. Haka ne, amma a duba yadda aka zuba. A watan Nuwamban 2008 shugabannin General Motors (GM) da Ford da Chrysler suka je Washington roƙon dala biliyan 25, kowa a jirginsa na alfarma, 'yan majalisa suka yi musu tatas. Majalisar dattawa ta ƙi yarda. Sai Shugaba Bush ya ɗebo dala biliyan 17.4 daga asusun ceton bankuna ya ba GM da Chrysler rance, iya abin da zai kai su ga sabuwar gwamnati.

Obama da ya zo bai yi musu da daɗi ba. A watan Maris na 2009 aka tilasta wa shugaban GM, Rick Wagoner, ya sauka. Chrysler ya shiga kotun karayar arziki ranar 30 ga Afrilu, aka haɗa shi da Fiat na Italiya, aka yanke hulɗa da dillalansa 789. GM ya shiga ranar 1 ga Yuni, ya fito bayan kwana 40. Dabarar ita ce a raba kamfani biyu: masana'antu masu riba su koma sabon kamfani, bashi da tarkace a bar wa tsohon. Masu tsohon hannun jari suka tashi a tutar babu. Aka binne Pontiac da Saturn, aka sayar da Saab. Baitulmalin Amurka ya riƙe kusan kashi 61 cikin ɗari na sabon GM, ƙungiyar ƙwadago ta yarda ba yajin aiki sai 2015.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙananan matakan. Ba mai sayen mota daga kamfanin da ke kotu, don tsoron kada giya ta lalace ya rasa mai gyara masa, saboda haka gwamnati ta tsaya wa garantin motocin. Aka ware dala biliyan 5 don masu ƙera kujeru da birki da gilashi su samu kuɗinsu kan lokaci. Ford bai karɓi kuɗin wannan ceto ba, amma ya goyi baya, domin masu kawo masa kaya su ne masu kawo wa GM. In suka faɗi, shi ma layinsa ya tsaya. Aka kuma ba duk wanda ya kawo tsohuwar mota mai shan mai rangwamen dala 3,500 ko 4,500 a kan sabuwa, aka zuba wa injinan tsofaffin sinadari suka daskare. Motoci kusan dubu 700 ke nan, da yawansu masu lafiya, waɗanda da Kwatano suka sauka da an yi rububinsu.

Ba na cewa ba a ci zalin kowa ba. Gwamnati ta sayar da ragowar hannun jarinta a GM a Disambar 2013 da asarar fiye da dala biliyan 10, kuma a shekarar ce birnin Detroit kansa ya karye, aka rage wa tsofaffin ma'aikatansa fansho, gwamnatin tarayya ba ta kawo musu ɗauki ba. Amma masana'antun suna nan suna aiki.

To mu fa? Peugeot ta fara fitowa daga Kaduna a 1975, kowa ya san abin da ya biyo baya: Naira ta faɗi bayan 1986, sassan da ake kawowa daga Faransa suka yi tsada, 'yan kwatano suka cika kasuwa. An sayar da kamfanin a 2006, AMCON ta karɓe shi a 2012, ta sake sayarwa a 2020. Wasu na kiran wannan ceto. AMCON an kafa ta ne don ta sauke wa bankuna ruɓaɓɓen bashi, kuma bankin ta ceta. Ba aikinta ba ne ta tambayi wa zai yi batir, wa zai sayi motar. A 2013 aka sa harajin kashi 70 a kan motocin waje don a kare na gida, dokar kuɗi ta 2020 ta zaftare shi. Wa zai kafa injin matse ƙarfe a kan dokar da ba ta kai shekara goma ba? Su kuwa manya, Prado da Hilux suke hawa da kuɗin gwamnati.

Indiya ta fi ba ni haushi. Maruti ta fitar da motarta ta farko a Disambar 1983, shekara takwas bayanmu, ita ma da sassan Suzuki na Japan ta fara, amma aka ɗaure ta da sharaɗin ƙara kayan gida kowace shekara. 'Yan fim ɗinmu sun daɗe suna ɗauko labarin fim ɗin Indiya ba tare da ambaton mai shi ba, kamar yadda su ma Indiyawan suka daɗe suna yi wa na Amurka da Koriya. Rawa da waƙa muka kwaso, wannan sharaɗin muka bari a can.

Kuma ba mota kaɗai ba ce. A Kakuri, masaƙar KTL ta tsaya a 2002, ta UNTL ta rufe a 2007. Steyr ta Bauchi da kamfanin manyan motoci na Kano duk labari ɗaya ne. Wanda ya san Kakuri lokacin canjin aiki, kekuna sun toshe titi, masu abinci ba sa iya ɗaga kai, shi ya san yawan gidajen da albashin nan ke riƙe da su, har ƙauyukan Zariya da Katsina.

Tun 2022 kamfanin Dangote yana harhaɗa Peugeot a kan hanyar Abuja. Madalla. Abin da nake jira in ji shi ne sunan masana'anta ɗaya a Kaduna ko Kano da ke yi masa kujera ko lagireto, da kuma ma'aikatar gwamnati ɗaya da doka ta tilasta mata sayen motar.