Ashe ba shi da kik

Wanda ya zuga ni na sayi fawa bayik ɗin nan ba zan ce Allah ya isa ba, amma ya san kansa. Honda CBR600 ne, ƙirar 1997, beljiyam, dillali har da rantsuwa wai wani bature ne yake ɗan hawa ran Lahadi. Na kawo shi gida Hajiya ta leƙo ta ce wannan kuma uban me za ka yi da shi.

To ran Asabar ɗaurin auren wani mutumina a Gwammaja, an shafa fatiha layi ya cika maƙil, na hau na murza wuta, unguwa ta ɗauka, yara suka yo kaina, har ƙawayen amarya ana leƙe ta soro. Na gyara hula. Ina taka giya, tif, ya mutu. Na danna sitata, ƙyat ƙyat ƙyat, batir ya ce ba da shi ba.

Sai ga wani dattijo mai tsohuwar Jincheng, ya ce "Yaro ba shi kik mana." Na ce Baba ba shi da kik. Ya zagaya mashin ɗin, ya duƙa ya leƙa, ya sake zagayowa, ya ce nawa ka saya? Na faɗa a hankali. Ya ce "Kuma ba kik?" Wallahi bawan Allahn nan bai tafi ba, duk wanda ya fito daga masallaci sai ya tare shi ya faɗa masa kuɗin, ya nuna masa inda kik ya kamata ya kasance. Har liman.

Yara suka ce a tura. Abu kusan kilo 200, ga babbar riga, muna gudu hannun rigar ya maƙale a madubi, ni da mashin muka kwanta bakin kwata. Wani mai mashin roba-roba, wanda har yau ina binsa kuɗin anko, shi ne ya tsaya ɗaukar bidiyo.

Bakanike ya ce abin da ke caja batir ne ya ƙone, ya kuma ga kafireto huɗu ya ce Alhaji wannan ai mota ce. An zaga France Road ba a samu kayan ba, wai sai an aiko daga Legas. Yanzu dai a adaidaita nake zuwa kasuwa.