Hatimin kamfani a jikin fayil ba shaidar lafiyarsa ba ne

Makon jiya na raka ɗan yayata wani shagon gyara a nan cikin birni, a duba masa kwamfutar da ya saya ta hannu don karatun jami'a. Ta yi nauyi, fankarta na ta kuka ko ba a buɗe komai ba. Yaron shagon ya zaɓi wani fayil da muke zargi, ya shiga Properties, ya nuna mini shafin Digital Signatures. "Baba, kwantar da hankalinka," in ji shi, "ga sa hannun kamfani nan, lafiyarsa ƙalau." Na ji daɗi da ya san inda ake dubawa, domin da yawa ba su sani ba. Hukuncin da ya yanke ne ban yarda da shi ba.

Kamfanin da ya ƙera manhaja yakan fitar da wata doguwar lamba daga jikin fayil, wadda ko harafi ɗaya aka taɓa sai ta sauya, sannan ya rufe ta da mabuɗin sirrinsa. Windows kan sake lissafin ta gwada. In sun dace, an amsa tambaya biyu: daga hannun wa fayil ɗin ya fito, kuma ba a taɓa shi a hanya ba. Ko abin da ke ciki alheri ne ko sharri, wannan ba aikin sa hannu ba ne. Duk Bakanon da ya taɓa cinikin fili ya san takarda kan zo da hatimi na gaskiya, daga baya a tarar an sayar wa mutum uku.

Kuma hatimi ana sace shi. A 2010 cutar Stuxnet, wadda ta lalata injinan nukiliyar Iran a Natanz, ta shiga kwamfutoci ne da sa hannun kamfanonin Realtek da JMicron na Taiwan, wanda aka sato. Na 2017 ya fi tayar mini da hankali, saboda CCleaner manhaja ce da kusan kowane mai gyara a Kano ke ɗauke da ita a filashinsa, yana sa wa mutane don share tarkace. Masu kutse suka shiga inda kamfanin ke haɗa ta, suka cusa mugun abu tun kafin a buga hatimi. Ta fito da sa hannu sahihi, mutum fiye da miliyan 2 suka sauke. A 2020 aka maimaita da kamfanin manhaja na SolarWinds, inda kwastomomi kusan 18,000 suka karɓi gurɓatacciyar sabuntawa, har da ma'aikatun gwamnatin Amurka. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Ba cewa nake a daina dubawa ba. A duba, amma a karanta sunan da ke jiki da kyau. Fayil da ke iƙirarin na Windows ne, sunan wani kamfani da ba ka taɓa ji ba ya sa masa hannu, abin tuhuma ne. A duba inda yake zaune: misali, fayil ɗin Windows mai suna svchost.exe gidansa System32 ne, in ka gan shi a Downloads ko Temp, kama da wane ba ta wane. Kada kuma a firgita don an buɗe wani fayil na Windows ba a ga shafin sa hannu ba, domin da yawansu shaidarsu tana cikin wani kundi na daban. Manhajar Sigcheck, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta, tana karanta kundin, tana kuma iya tambayar shafin binciken fayiloli na VirusTotal ko manhajojin tsaro sun san fayil ɗin da wani laifi. Umarnin sfc /scannow shi ma yana gyara fayilolin da suka lalace.

Sai dai duk wannan yana tsayawa ne a kan tushe, kuma tushenmu ne matsalar. Kwamfutoci nawa ne a shagunan buga takardu na Kabuga da Zoo Road, ko a ofisoshinmu, ke ɗauke da Windows da aka sauke daga shafin Microsoft? Galibi daga filashin da ya zaga hannu goma aka zuba ta, wata ma an riga an yi mata kwaskwarima. Don a kunna ta ba lasisi, sai a kashe Defender, manhajar tsaron Windows, a saki wata manhajar da ba a san mai ita ba ta yi abin da ta ga dama. Shi sfc yana gwada fayil ne da kwafin da ke ajiye a cikin wannan kwamfutar. In tun farko gurɓatacciya aka zuba, mai shari'a da wanda ake tuhuma gida ɗaya suka fito. Sannan muna kashe sabuntawa don tsimin data. Na fahimci dalilin, data ta yi tsada. Amma ta intanet ne kwamfuta ke jin cewa an soke hatimin da aka sace. Wadda aka toshe wa kunne za ta ci gaba da gaishe da ɓarawo da sunan maigida. Ga kuma masu Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, kuma a kanta ake shigar da lambar NIN da bayanan bankin jama'a.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin masu gyara a Farm Centre da Beirut Road su koya wa yaransu wannan bambanci, su kuma sa doka cewa Windows daga Microsoft za a riƙa sauke ta. Saukewar kyauta ce, lasisi ne na kuɗi.

Kwamfutar ɗan yayata kuwa, goge ta muka yi gaba ɗaya, aka zuba sabuwar Windows. Ta ci mana yini guda da data mai yawa, fankar kuma ta yi shiru.